Tallafin gwamnati ga 'yan fim a Gombe: ina ne ainihin inda matsalar take?

Maganar nan ta "gwamnati ta tallafa wa 'yan fim" ba ta cika tasowa a Gombe ba sai a lokaci biyu, ko dai zaɓe ya matso an fara neman masu waƙa da masu ɗaukar bidiyo, ko kuma wani tsohon ɗan wasa ya kwanta ciwo an fara yawo da lambar akawun ɗinsa a WhatsApp. Da an tayar da ita kuma sai mutane su rabu biyu, wasu su ce haba jama'a, ana fama da asibiti da makaranta da ruwan sha ina gwamnati ta ga kuɗin da za ta ba masu wasan kwaikwayo, wasu kuma su ce ai sana'a ce kamar noma da ɗinki, matasa nawa ne ke ci a ciki. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma abin da na lura shi ne ba a tsayawa a fayyace me ake nufi da tallafin ma tukuna. Kuɗi a ambulan? Gini? Bashi? Muƙami? Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, kuma wasunsu in an yi su ma ɓarna suke ƙarawa.

Kafin a gane wane tallafi ne zai yi aiki dole sai an san yadda kuɗi ke shiga da fita a harkar, don a nan ne ciwon yake.

Fim ɗin Hausa na bidiyo ya faro ne a Kano a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, kuma tun daga nan har wajen shekara ashirin da wani abu kasuwar kaset ce da faifan sidi ke riƙe da kowa. Tsarin a lokacin mai sauƙi ne: furodusa ya haɗa fim, ya buga kwalinsa, ya kai wa 'yan kasuwa irin na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, su su kwafi fim ɗin su saka a kwali su rarraba, daga Kano kaya su taho Bauchi da Gombe da Yola da Maiduguri har Nijar da Kamaru. Yawan kwalin da ka sayar shi ne kuɗinka. Akwai cuta a ciki sosai, akwai satar fasaha, akwai bashin da ba a biya, amma dai mutum ya san in fim ɗinsa ya karɓu jarinsa zai dawo ya sake yin wani. Sai wayar hannu mai memori ta zo, 'yan dawunlodin suka kafa tebur da laftof a kowace kwana, ka ba da kuɗi kaɗan a tura maka fina-finai rututu, wanda ya zuba jarinsa ko sisi ba ta isa hannunsa. Cikin 'yan shekaru kasuwar sidi ta mutu murus, manyan furodusoshi da yawa suka koma wata sana'ar.

Abin da ya maye gurbinta shi ne fim mai dogon zango, a tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube. To shi YouTube ɗin nan da kowa ke gudu zuwa gare shi yana da nasa sharaɗin, kafin ka fara samun kuɗin talla sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, in ka cika kuma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan ne naka, sauran na kamfanin. Babbar matsalar ita ce kuɗin tallan ya danganta da ƙasar da mai kallo yake zaune, mai kallo a Amurka ko Ingila ya fi mai kallo a unguwar Jekadafari ko Bolari a nan Gombe kawo kuɗi nesa ba kusa ba, saboda masu talla a can sun fi biya. Mu kuma masu kallonmu yawanci a nan gida suke, da yawansu ma ba a YouTube ɗin suke kalla ba don data ta yi tsada, mutum ɗaya ne zai sauke ya tura wa unguwa guda. Shi ya sa za ka ga yaro yana murna fim ɗinsa ya samu dubban masu kallo amma abin da ya shigo bai biya man janareta ba, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na lokeshan ya tashi, mota, abinci, masauki, hayar kamara da fitilu.

Kenan matsalar ba ta yin fim ba ce, yara suna yi kullum, wasu da waya ma suke ɗauka kuma abin ya yi kyau. Matsalar ita ce babu inda za ka sayar ka mayar da jarinka. Duk tallafin da bai taɓo wannan wurin ba, to kyauta ce kawai, za a ci a gama a dawo inda ake.

Gombe kuma tana da ƙarin nata nauyin. Kusan komai na harkar a Kano yake, sai Kaduna da Jos, can manyan kamaru suke, can ƙwararrun masu editin da masu sauti suke, can masu sayen fim suke. Ɗan Gombe in yana so ya yi aiki mai inganci ko dai ya ɗauko ma'aikata da kaya daga can ya biya mota da otal, ko kuma shi ya tattara ya koma can. Yawanci na biyun ake yi. Ba wai ba mu da mutane ba ne, Umar Gombe sunansa ma ya nuna inda ya fito, Ali Nuhu da aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a watan Janairun 2024 mahaifinsa ɗan Balanga ne, a maƙwabciyarmu Bauchi ga Jamila Nagudu daga yankin Toro. Duk a Kano sunansu ya tashi, kuma ba laifinsu ba ne, inda kasuwa take nan ɗan kasuwa ke zuwa.

Yanzu mu duba irin tallafin da aka saba gani. Na farko kuma mafi yawa a jihohin Arewa shi ne na siyasa, a kira shugabannin ƙungiya gidan gwamnati a ba su wani abu su raba, ko a ba da mota, ko kujerar Makka, ko a naɗa wani fitaccen jarumi mai taimaka wa gwamna na musamman kan harkar fim. Ni ban ce wanda aka ba bai cancanta ba, amma a gaskiya wannan tallafin mutum ne ba na masana'anta ba. Muƙamin da babu ofis babu kasafi babu doka a bayansa ranar da gwamna ya sauka shi ma ya sauka. Illarsa kuma ita ce yana raba kan 'yan fim, wannan na jam'iyya kaza wancan na kaza, ƙungiya ɗaya ta dare gida biyu ko uku kowa da shugabansa, gobe in an zo maganar gaske babu murya ɗaya da za ta yi magana. Mai riƙe fitila da mai kwalliya da yarinyar da ke koyon rubuta labari kuwa ko labarin rabon ba sa ji.

Na biyu shi ne gini, wato a ce za a yi ƙauyen fim. Wannan shi 'yan siyasa suka fi so don ana ganinsa ana yanka kyalle, kuma akwai kwangila a ciki. Amma muna da darasi biyu a ƙasar nan da ya kamata duk mai wannan tunanin ya tsaya ya duba. A Kalaba gwamnatin jihar Kuros Riba ta Donald Duke ta gina wurin kasuwanci da shaƙatawa na Tinapa aka buɗe a 2007, har da katafaren situdiyo na fim a ciki, an kashe maƙudan kuɗi, amma masu shirya fim ba su bar Legas sun koma can ba, wurin ya shafe shekaru ba ya aikin da aka gina shi dominsa. Na biyun ya fi kusa da mu, a 2016 gwamnatin tarayya ta sanar za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa cikin ƙaramar hukumar Bebeji a Kano, malamai suka tashi a kan mumbari suka ce ba su yarda ba, cikin 'yan kwanaki aka soke maganar gaba ɗaya. Tinapa ta nuna gini ba ya kawo kasuwa, Kofa kuma ta nuna in ba ka zauna da jama'a da malamansu tun farko ba ko tubali ɗaya ba za ka aza ba. Gombe gari ne mai riƙo da addini, Musulmi da Kirista, duk wanda ya ɗauka zai tsallake malamai da limaman coci da sarakuna ya kawo abu daga sama to bai san garin ba.

Na uku shi ne bashi, kuma a nan gwamnatin tarayya ta yi ƙoƙari a kan takarda. A 2010 Goodluck Jonathan ya sanar da asusun dala miliyan 200 na rance ga masu harkar nishaɗi, a 2013 ya ƙara da shirin naira biliyan 3 na tallafa wa fim, a 2019 kuma Babban Bankin Najeriya ya fito da nasa tsarin rance na masu fasaha da kuɗin ruwan da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba. Tambayar ita ce wa ya iya karɓa? Banki yana son kamfani mai rajista, da bayanan shige da ficen kuɗi na shekaru, da jingina, da tabbacin inda za ka sayar da fim ɗin. Babban kamfani a Legas mai yarjejeniya da sinimomi yana da waɗannan duka. Furodusan da ke Pantami ko Tudun Wada wanda jarinsa kuɗin adashi ne da gudummawar yayansa ba shi da ko ɗaya. Sannan ga maganar kuɗin ruwa, mutanenmu da yawa ko an ce kashi ɗaya ne ba za su taɓa ba saboda riba ce, kuma wannan ba abin da za a yi musu gardama a kai ba ne. Alhali akwai mafita, tun 2012 bankin Jaiz ke aiki a ƙasar nan ba da ruwa ba, wasu sun biyo baya, akwai tsarin da banki zai sayi kamara ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, akwai na haya, akwai na haɗin jari a raba riba da asara. In jiha za ta shiga maganar rance to ta wannan ƙofar ya kamata ta shiga. Amma ko shi ɗin ma ina jin tsoronsa in aka fara da shi, don ba mutum bashi ya yi kayan da babu mai saye jefa shi a rami ne.

To me ke aiki? In ka duba ƙasashen da suka ci gaba a wannan fannin za ka ga ba kyauta suke rabawa ba, tsari suke kafawa. Faransa tun 1946 take da hukumar fim ta ƙasa, ana cire wani kaso sama da goma cikin ɗari daga kowane tikitin sinima, ko fim ɗin Amurka ka kalla, a zuba a asusun da ke tallafa wa fim ɗin gida, wato masana'antar ce ke ciyar da kanta gwamnati kawai ta yi doka. Maroko kuma tana mayar wa kamfanonin waje wani kaso na kuɗin da suka kashe a cikin ƙasar in sun zo ɗaukar fim, shi ya sa garin Warzazat da ke bakin sahara ya zama matattarar manyan fina-finan duniya, masu otal da direbobi da kafintoci da teloli duk suna ci. Burkina Faso da ba ta kai mu arziki ba tun 1969 take riƙe da bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu. Ba cewa nake Gombe ta kwafi Faransa ba, ba mu da sinimomin da za a cire wa haraji, amma tunanin da ke ciki shi ne abin ɗauka: a biya bayan an ga aiki, a bisa ƙa'idar da kowa ya sani.

A ganina abu mafi sauƙi kuma mafi amfani da gwamnatin jiha za ta yi shi ne ta zama mai saye. Kowace shekara ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji suna kashe kuɗi wajen wayar da kan jama'a, rigakafin yara, zuwa awon ciki, shaye-shaye, karatun 'ya'ya mata, rikicin manoma da makiyaya, dashen itatuwa da zaizayar ƙasa da ke cin unguwannin Gombe. Galibi kuɗin a allunan talla da taron otal yake ƙarewa. Da za a ware wani kaso a ce gajerun fina-finai da wasannin rediyo za a yi, a buɗe gasa a fili kowa ya kawo labarinsa, a zaɓa bisa cancanta, a sa sharaɗin cewa yawancin ma'aikatan 'yan jiha ne kuma a jihar za a ɗauka, da an samar da kasuwa ba tare da an ƙirƙiro sabon kasafi ba. Haka gidan talabijin da rediyon jiha na GMC, maimakon furodusa ya biya kuɗin fili kafin a saka fim ɗinsa ya kamata tashar ce za ta saya, ko aƙalla a raba kuɗin talla. A da can gidajen talabijin na gwamnati su suka raini wasan kwaikwayon Hausa, a nan su marigayi Kasimu Yero da Usman Baba Pategi suka yi suna tun kafin a san wani abu Kannywood, ba sabon abu ba ne.

Sai maganar 'yan dawunlodin. Kama su da ƙwace laftof ba zai kashe sana'ar ba, an gwada a wurare ba ta mutu ba, kuma su ma matasa ne masu neman abinci. Su ne fa ainihin dillalan fim na yanzu, sun fi kowa sanin abin da mutane ke so. Abin da ya dace a yi musu rajista, a haɗa su da furodusoshi a yi yarjejeniya, ƙungiyarsu ta sayi izinin tura fim kafin ya fita, kamar yadda aka yi ta ƙoƙarin yi a Kano. Dokar haƙƙin mallaka da aka sabunta aka sa wa hannu a 2023 ta ba da ƙarfin hukunta mai satar fasaha har ta intanet, amma doka ta tarayya ce, jiha ce ke kusa da teburin mai turawa, ita za ta iya zaunar da ɓangarorin biyu. Haka gidajen kallon ƙwallo da ke kowace unguwa, da rana a rufe suke, ga benci ga allo ga janareta. Da tsari mai kyau, lokacin mata daban na maza daban, an tashi kafin magariba, za su iya zama ƙananan sinimomi da furodusa zai samu kuɗin ƙofa a satin farko kafin fim ya shiga waya.

Kayan aiki ma ba sai an gina ƙauye ba. Ɗaki biyu ko uku sun isa, a zuba kamaru masu kyau da fitilu da na'urar ɗaukar sauti da kwamfutocin editin da sola, a riƙa ba da haya da rahusa. Amma kar a raba wa mutane su kai gida, kar kuma a bar shi a hannun ofishin da makulli ke aljihun mutum ɗaya, a ba wani mai zaman kansa ya gudanar bisa yarjejeniya, kuɗin hayar ya riƙa gyara abin da ya lalace. Sauti musamman, wallahi shi ne ke kashe yawancin fina-finanmu, hoto ya yi kyau amma iska da ƙarar babur sun cinye maganar. Wannan kuma horo yake so, kuma makarantar koyon fim ta ƙasa tana nan Jos ba nisa, jiha za ta iya ɗaukar nauyin yara kaɗan duk shekara su karanto sauti da haske da rubutun labari, da sharaɗin su dawo su koyar.

Akwai kuma tallafin da ko kwabo ba ya ci, wato sauƙaƙa izini. Mai fim yana son asibiti, kotu, ofishin 'yan sanda, makaranta, tasha, in babu tsari sai ya yi ta yawo ofis ofis ko a kore shi a tsakiyar aiki. Tebur ɗaya, takarda ɗaya, farashi a rubuce, shi kenan. In ma jiha za ta kafa hukumar tace fim irin wadda Kano ta kafa a 2001, to a kula kar ta zama wurin karɓar kuɗi kawai, domin akwai hukumar tacewa ta tarayya tun 1993 da ita ma ake biya, ƙa'idojin su kasance a rubuce, a sa malamai da 'yan fim da mata a ciki, mutum ya san abin da aka hana kafin ya kashe kuɗinsa ba bayan ya gama ba.

Abin da ya fi damuna shi ne muna zaune a kan labarai da wurare da Kano ba ta da su amma muna ta kwaikwayon falon Kano. Ga madatsar ruwa ta Dadin Kowa, ga tsaunukan Tula da Kaltungo, ga dutsen Bima, Yankari na nan kusa a Bauchi. Ga Mbormi a Funakaye inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a yaƙi da Turawa a 1903, ga tarihin Buba Yero da kafuwar masarautar Gombe. Ga harsuna, Fulatanci da Tangale da Tera da Waja da Bolanci da Tula, masu jin Fulatanci kaɗai sun bazu har Kamaru da Nijar da Chadi, kasuwa ce da kusan babu mai yi mata fim da gaske. Irin wannan aikin ne ɗan kasuwa ba zai fara zuba kuɗinsa ba don yana da tsada, a nan ne kuɗin gwamnati ke da hujja, ko a gaban mai cewa a fara gyara asibiti.

Su ma 'yan fim akwai nasu aikin, kuma ina faɗa ne don ina son abin ya yiwu. A yi rajistar kamfani, a buɗe akawun na kamfani daban da na aljihu, a riƙa rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce tsakanin furodusa da jarumi da marubuci, a kare 'yan mata masu shigowa daga masu cin zarafinsu da sunan za a saka su a fim, don wannan shi ne babban abin da ke sa iyaye da malamai ƙin harkar. Sannan ƙungiyoyi su haɗu su ƙirga kansu, mutum nawa ke aiki, fim nawa ake yi a shekara, nawa ake kashewa a cikin gari. Kwamishinan kuɗi ba ya jin "muna da yawa", lissafi yake ji.

Lokacin kai wannan lissafin kuma ba lokacin kamfen ba ne, lokacin shirya kasafin kuɗi ne, wajen ƙarshen shekara kafin gwamna ya kai wa majalisar dokoki, a je zaman jin ra'ayin jama'a da takarda a hannu, a nemi layi guda a kasafin ma'aikatar da ke kula da al'adu, a nemi majalisa ta yi masa doka mai bayyana wa zai zauna a kwamitin zaɓe da yadda za a riƙa wallafa sunayen waɗanda suka samu da adadin da aka ba su.